Matsalolin haɗa bakan faiba a gida da yadda na gano tushensu

Ranar da bakana na biyu ya lalace, babu wata ƙara mai firgitarwa da ta tashi. Na ja tsirkiya har yatsuna suka kusa taɓa gefen bakina, sai na ji ɗan sauti kamar an taka busasshen karan dawa, nauyin da ke hannuna kuma ya ragu nan take. Da na sassauta a hankali na duba, sai na ga fallen da ke cikin reshen ƙasa ya ɗago daga jikin mariƙi, daidai inda mariƙin yake sirancewa, tsawon kamar ɗan yatsa. Mako shida na yi ina aikin wannan baka, kuma kibiyoyin da na harba da shi ba su cika talatin ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Duk da haka washegari na zura wuƙa a tsagar na buɗe ta gaba ɗaya, domin in ga abin da ya faru a ciki, kuma tun daga ranar ban ƙara jefar da abin da ya karye ba sai na buɗe shi na duba fuskarsa.

Bakan da nake magana a kansa shi ne mai kawuna biyu da suka lanƙwashe suka fuskanci gaba, wanda masu harkar suke kira rikab. Ya bambanta da bakan maharbanmu da ake sassaƙawa daga sanda guda. Shi wannan falle-falle ake jera shi: fallen faiba a baya, siraran fallayen katako biyu a tsakiya, wani fallen faiba a ciki, sannan a cusa mariƙi a tsakiyar tsawonsa, a shafe su duka da gam ɗin ifoksi, mai ruwa biyu da ake gaurayawa, a matse su a kan fom ɗin katako da aka yanka daidai da siffar bakan, a gasa. Idan aka ja tsirkiya, faibar baya tana miƙewa, ta ciki tana takurewa, katakon da ke tsakani kuwa aikinsa shi ne ya raba su da tazara ya kuma hana ɗaya zamewa a kan ɗaya. Saboda haka kowane ja da aka yi, layin gam ne yake ɗaukar wahalarsa. A Amurka aka fara wannan salo a shekarun 1940, inda ake ambaton Frank Eicholtz na Kalifoniya cikin waɗanda suka fara sa faiba a baka, daga baya kamfanin Fred Bear da ke Grayling a jihar Mishigan ya yaɗa shi a shekarun 1950. Har yau yawancin kayan aikin da ma'auninsu daga can suke, shi ya sa ake lissafin da inci da laba.

Bakana na farko tun a wajen sayen kaya ya lalace. Na je wurin masu gyaran bambar mota na sayi faibar da suke amfani da ita, irin mai kama da tabarma, tare da ruwan da ake jiƙa ta da shi. Wannan faiba tana da kyau wajen facin tankin ruwa da jikin jirgin ruwa, amma zarenta gajeru ne kuma sun fuskanci kowane ɓangare, alhali baka yana bukatar zare dogo wanda ya miƙe daga kai zuwa kai ba tare da yankewa ba. Na ɗame shi, na ja sau kaɗan, da na kwance tsirkiya sai ya zauna a tanƙware bai koma siffarsa ba, jikinsa kuma ya yi fari-fari da ƙananan tsaga. Faibar baka ta gaskiya ana sayar da ita ne a matsayin dogon falle busasshe mai tauri, duk zarenta a jere suke gefe guda, kamar Bo-Tuff na kamfanin Gordon, kaurinta kuma yakan zama inci 0.040 ko 0.050, wato kusan milimita 1 ko sama da haka kaɗan. Fuska ɗaya tana sheƙi, ɗayar an karce ta. Mai karcen ita ce ake shafa wa gam, mai sheƙin kuma a rufe ta da tef ɗin masu fenti tun kafin a fara komai, don ya kare ta daga gam kuma ya zama wurin zana layi. Sai da na sa aka kawo mini ita daga waje, kuma ba na jin akwai abin da zai maye gurbinta a wannan aiki.

Na koma kan baka na biyu. Da na buɗe tsagar, sai na tarar gam ɗin duk ya biyo fallen da ya ɗago, jikin mariƙin kuwa sumul yake yana sheƙi, babu ko silin itace ɗaya da ya ɓalle. Na ɗauki guntun na kai wa wani dattijon kafinta da nake zuwa shagonsa yankan katako. Ya murza wurin da babban yatsansa, ya kai hanci ya shinshina, sannan ya ce, “Ɗana, wannan ai madobiya ce, tana da maiƙo. Yaushe ka goge ta, yaushe ka sa mata gam?” Na ce, “Baba, kwana huɗu ne tsakani.” Ya girgiza kai ya ce maiƙon ya riga ya dawo sama, gam ya kwanta ne a kan mai, bai taɓa itace ba. Gaskiyarsa. Itatuwa masu nauyi da kyan launi, irin waɗanda ido yake so a mariƙi, da yawansu suna da maiƙo, kuma maganin abin shi ne a karce fuskar da samfefa mai kaushi, lamba 36 ko 40, a ranar da za a haɗa, a kaɗe ƙurar da burushi mai tsabta, a goge da asiton, wani ruwa mai narkar da maiƙo, a bari ya bushe, sannan kada hannu ya ƙara taɓa wurin. Zufar yatsa kaɗai tana iya barin tabo inda gam ba zai kama ba.

Daga wannan na koyi cewa fuskar da ta rabu tana faɗin dalilin rabuwarta. Idan gam ya tattare a gefe guda ya bar ɗayan fes, to maiƙo ne ko ƙura ko kuma fuskar ta yi santsi da yawa. Idan aka ga fuskokin biyu a bushe, gam ɗin ɗan kaɗan ne kamar an lashe, to layin ya yi yunwa, ko dai matsi ya yi yawa ya tatse shi, ko an shafa a fuska ɗaya kawai, ko busasshen katako ya shanye shi kafin a rufe. Wannan na ƙarshen yana faruwa sosai lokacin hunturu idan fallayen tsakiya na gora ne, shi ya sa nake shafa wa kowace fuska, in jira mintuna kaɗan, in duba da hasken tocila a karkace, duk inda ya dushe in ƙara. Idan kuwa farce yana iya shiga gam ɗin ya bar alama, to awon haɗin ne bai yi daidai ba, ko ba a juya shi sosai ba, ko gashin bai isa ba. Yanayi ɗaya ne kawai yake wanke gam daga laifi, shi ne a ga silin itace ya yage ya manne a ɓangarorin biyu, domin a nan katakon ne ya gaza, sai a koma a binciki ingancinsa ko siffar bakan.

Game da gam ɗin kansa, ifoksi mai kamawa cikin minti biyar da ake samu a kasuwa ba ya wannan aiki. Kafin mutum ya gama shafa fuskoki takwas ko goma ya riga ya daskare, kuma zafi kaɗan yake sa shi laushi. Abin da yawancin masu haɗa baka suke amfani da shi shi ne EA-40 na kamfanin Smooth-On, wanda yake ba da kusan awa biyu kafin ya fara kamawa. A zafin watan Afrilu a wurinmu wannan lokaci yana raguwa, musamman idan aka bar haɗin a tare cikin ƙaramin kofi, domin yana ɗumama kansa da kansa. Nakan fara aikin bayan sallar asuba, in baza haɗin a faffaɗan faranti. Akwai wata ɗabi'a kuma da nake ganin ta fi kowace amfani: ragowar gam ɗin da ya rage nakan sa shi cikin akwatin gashi tare da bakan. Idan an gama, in ɓalle shi in gwada karya shi. Idan ya karye da ƙara kamar gilashi, hankalina yakan kwanta, idan kuwa ya tanƙware kamar roba, na san kada in ɗora wa bakan nan tsirkiya.

Akwai laifi na biyu a wannan bakan wanda ban lura da shi ba sai da na tsananta dubawa. Ƙarshen mariƙi, inda yake shigewa tsakanin fallaye, dole ne ya sirance a hankali har ya zama kamar takarda, yadda idan aka ɗaga shi a rana haske zai ratsa bakinsa. Nawa na bar shi da kauri kusan rabin milimita a ƙarshe saboda tsoron kada ya ɓalle a hannuna. Wannan ɗan tudu ya sa fallayen suka tsallake shi suka bar rami a gabansa, gam ya cika ramin, aka sami wuri mai tauri kusa da wuri mai lanƙwasa, duk wahalar reshen kuma ta taru a nan. Yanzu nakan jingina bakin mariƙin a kan wani katako yayin da nake goge shi don kada ya karye, kuma ina tabbatar da cewa inci biyun ƙarshe suna lanƙwasa idan na danna da yatsa.

Matsi ma yana da nasa rikici. Hanya biyu aka sani: ko a naɗe da robar tub ɗin taya da aka yanka dogo-dogo, ko a shimfiɗa tiyon kashe gobara a kan fallayen, a rufe da saman fom, a ɗaure da ƙarafa, a hura masa iska har ma'auni ya nuna 60, wato kusan ninki biyu na abin da mai faci yake sa wa tayar ƙaramar mota. Na fara da roba, kuma tana aiki, sai dai ƙarfin hannu ba ya zama ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, kuma tana danne gefuna fiye da tsakiya idan ba a sa wani abu mai ɗan tudu a saman fallayen ba. Da na koma tiyo sai wata sabuwar matsala ta ɓullo. Ɗanyen ifoksi santsi gare shi kamar man inji, da iska ta fara shiga sai fallayen suka zame gefe, faibar ciki ta fita daga layi da kusan milimita 4 a reshen sama. Da yake faɗin fallen inci 1¾ ne kawai, wannan zamewa ta cinye mini wurin da zan yanka siffar reshe. Abin da ya magance ta shi ne ɗaure fallayen a jikin fom da tef mai zare a wurare da dama, da kafa 'yan ƙananan tokare a gefen fom, da kuma hura iska daki-daki: a kai 20 a tsaya a duba alamar tsakiya, a kai 40 a sake dubawa, sannan a cika. Kafin ranar haɗi kuma nakan jera komai a bushe ba gam, in hura iska, in leƙa ko haske yana ratsa wani wuri, in bar tiyon ya kwana a hure don in ga ko yana sace iska. Tiyon da ya sauka daga 60 zuwa 30 a cikin akwati yakan bar farin tabo na kumfa a ƙarƙashin faiba, wanda ba ya gyaruwa bayan gam ya kama. Ledar naɗe abinci tsakanin baka da fom ita ma wajibi ce, in ba haka ba su manne su zama abu ɗaya.

Ana gasa baka ne don gam ya nuna sosai ya iya jure zafi daga baya, kuma wannan ya fi muhimmanci a ƙasa irin tamu inda inuwa ma takan haura digiri 40. Akwatina na filawud ne, na lulluɓe cikinsa da takardar alminiyam, na sa ƙwayayen fitila huɗu masu wat 100 irin na da masu zafi, waɗanda samunsu ya fara wuya tunda fitilun zamani suka cika kasuwa, su kuwa ba sa ba da zafin da ake bukata. Abin da ake nema shi ne zafi tsakanin digiri 65 zuwa 80 na tsawon kamar awa huɗu bayan akwatin ya ɗau zafi. A haɗin baka na uku an ɗauke wuta bayan awa ɗaya da rabi, ina waje ban sani ba, sai da na dawo na tarar ma'aunin zafi ya sauka. Na ta da janareta na sake ƙidaya awa huɗu daga farko, na bar matsin yadda yake, gam ɗin gwaji kuma ya karye da ƙara, bakan bai sami matsala ta nan ba. Tun daga lokacin ba na barin gida idan akwatin yana kunne, saboda wuta da kuma saboda tsoron gobara. Ba na buɗe fom sai ya kwana ya huce da kansa, domin gam mai ɗumi yana da sauran laushi, lanƙwasar kawunan kuma tana iya saki.

Nauyin ja shi ne abin da ya fi ba ni mamaki a farko. Ana auna shi ne da sikeli idan an ja tsirkiya zuwa inci 28. Na yi niyyar laba 45 a baka na uku, sai ya fito 56. Dalilin shi ne ƙarfin reshe yana bin faɗinsa ne kai tsaye, amma kauri kuwa ninki uku yake shiga lissafi, wato idan kauri ya ƙaru da kashi 5 cikin ɗari, ƙarfi yana ƙaruwa da kusan kashi 16. Jimillar kaurin reshe kusan milimita 6 ne, saboda haka kashi uku cikin goma na milimita, abin da ido ba ya gani, ya isa ya ƙara laba bakwai. Ni kuwa da rula na auna fallayen gorar da na goge da kaina. Yanzu ina da ma'aunin kauri na dijital, ina auna kowane falle a wurare biyar, dama da hagu, ina rubuta komai a littafi tare da nauyin da bakan ya bayar a ƙarshe, domin lissafin wani ba ya zama daidai a fom ɗin wani. Bakan da ya yi nauyi ana iya rage masa laba kaɗan ta hanyar rage faɗi da zagaye gefunan faiba. Wanda ya fito da rauni kuwa gyaransa kaɗan ne, sai dai a rage tsawonsa, wannan kuma yana cin lanƙwasar kai.

Murɗewar reshe ita ce matsalar da ta fi cin lokacina, kuma ita ce ta fi addabar irin wannan baka, saboda rassansa faffaɗa ne sirara, kawunansa kuma a lanƙwashe suke, ƙaramin bambanci tsakanin dama da hagu yana isa ya juya su. Ana gane ta idan aka ɗame bakan, aka dafa kai ɗaya a ƙasa, aka leƙa daga ɗaya kan: tsirkiya ya kamata ta raba rassan biyu da mariƙi gida biyu daidai. Sai a ja inci kaɗan a sassauta a hankali, a ga ko tsirkiyar ta koma ta kwanta a tsakiyar lanƙwasa ko ta sauka a gefe. Idan tana sauka a gefe, kada a ci gaba da ja, domin tana iya suɓucewa daga kan bakan gaba ɗaya yayin harbi, ta juya reshen ta kuma ji wa mai harbi ciwo.

A baka na uku, kan reshen sama ya karkata hagu. Na ɗauki samfefa na hau goge gefen hagun a tsawon reshen, ina ganin tunda can ya nufa can ne yake da yawa. Yamma guda na yi ina gogewa, karkatar tana ƙaruwa. Sai da na zauna na yi tunani sannan na gane cewa reshe yana faɗawa ne ɓangaren da ya fi rauni, wato hagun da nake gogewa shi ne mai raunin, ina ƙara masa rauni ne. Amma ko gane wannan bai isa ba, domin gogewa ita ce mataki na ƙarshe, akwai abubuwan da ya kamata a duba kafin ta. Na farkonsu shi ne ramukan tsirkiya biyu da ke kan baka. Idan ɗaya ya fi ɗaya zurfi, ko ba su daidaita a tsayi ba, madaukin tsirkiyar yana zama a gefe yana jan kan zuwa can. Gyaran shi ne a ƙara zurfin ramin da ke ɓangaren da kan ya karkata, da siririn magagari mai zagaye irin wanda ake wasa haƙoran injin yankan itace da shi, sau uku ko huɗu kawai, a ɗame, a ja, a duba, a maimaita. Sau da yawa a nan matsalar take ƙarewa. Idan ba ta ƙare ba, sai a miƙa zare daga kai zuwa kai a auna ko faɗin reshe daidai yake a ɓangarorin layin tsakiya. Bayan wannan ne ake goge faibar ɓangare mai ƙarfi, wato wanda kan ya juya wa baya, a hankali ana ƙidaya hannu.

Nawa bai miƙe gaba ɗaya ba duk da waɗannan, don haka na koma kan fom na ɗora masa sikwaya. A wajen lanƙwasar sama na tarar fuskarsa ta karkata, takarda biyu suna shiga ƙarƙashin sikwayar a gefe guda. Filawud ɗin ya motsa da zafin akwati da danshin damina, murɗewar kuma an gasa ta ne a jikin bakan tun daga haɗi. Duk bakan da zai fito daga wannan fom haka zai fito. Na gyara fuskar, na shimfiɗa mata siririn falle mai santsi, na shafe katakon da fenti don kada ya sha danshi, kuma yanzu kafin kowane haɗi sai na bi shi da sikwaya taƙi-taƙi. Ya kamata in ƙara da cewa ko lafiyayyen baka yana iya murɗewa daga baya idan ana ɗame shi ta hanyar zura ƙafa a tanƙwara shi a cinya. Igiyar ɗamewa, wadda ake maƙala wa kawunan biyu a taka tsakiyarta a ɗaga mariƙi, ita ce take jan rassan a miƙe.

Daidaita ƙarfin rassan biyu bai ba ni wahala kamar haka ba. Ana auna tazarar tsirkiya daga ƙarshen mariƙi a sama da ƙasa, kuma ga mai riƙe kibiya da yatsa ɗaya a sama biyu a ƙasa, ana so ta sama ta ɗara ta ƙasa da kamar milimita 3 zuwa 6. Reshen da tazararsa ta yi kaɗan shi ne mai tauri, shi ake gogewa. Idan bakan yana ƙara da yawa ko yana dukan hannu bayan harbi, kafin a zargi ginin sai a duba tazarar tsirkiya daga mariƙi, wadda a baka mai inci 60 takan kasance tsakanin inci 7½ da 8½. Murɗa tsirkiya yana rage tsawonta ya ƙara tazarar. Kibiya marar nauyi ma tana sa ƙara, harbi ba kibiya kuwa yana iya fasa bakan a take.

Sai batun gefuna da kawuna. Da yake zaren faiba a jere yake, idan sili ɗaya ya ɗago a gefe yana iya tsagewa ya bi reshen har ƙarshe. Saboda haka ana goge gefe ne daga faiba zuwa cikin katako, ba a tura magagari ta yadda zai ɗago ta, kuma ba a ɗame baka sai an zagaye duk kaifin gefunansa. Idan sili ya ɗago, nakan yanke shi a gindinsa da reza, in ɗiga gam mai ruwa, in goge wurin ya yi sumul. Kawuna kuma suna bukatar a manna musu ƙarin falle mai tauri kafin a yanka ramin tsirkiya, kuma kada ramin ya ratsa faibar baya. Tsirkiyar zaren roba da ake kira Dacron tana ɗan miƙewa, tana yi wa kawuna sauƙi, sabbin zaruruwa marasa miƙewa kuwa suna iya yanka kan da ba a ƙarfafa ba. Ƙurar faiba ma abin kiyayewa ce: tana sa ƙaiƙayi mai tsanani, tana cutar da huhu, tana kuma dakusar da zarto cikin ɗan lokaci. A waje nake gogewa, da takunkumi mai kyau da tabarau da riga mai dogon hannu, kuma ba na bari yara su matso.

Baka na huɗu yana hannuna yanzu wata na biyar. Ya fito laba 47 a inci 28, cikinsa gora ce, mariƙinsa madobiya daga itacen da ya ba ni kunya a karo na biyu, wannan karon an goge ta an wanke da safiyar haɗi. Tsirkiyarsa tana komawa tsakiya a kowane ja. Akwai ɗan farin tabo kamar ƙwayar gero a ƙarƙashin faibar baya, kusa da ƙarshen mariƙi na sama, wanda na kewaye da alƙalami tun ranar farko, kuma duk bayan harbi nakan duba ko ya wuce da'irar. Har yanzu bai motsa ba. Idan na gama nakan kwance tsirkiya, in kwantar da shi a kan turaku biyu a bangon ɗaki, nesa da taga, kuma ba na barinsa a rufaffiyar mota ko na minti goma. Fallayen baka na biyar suna nan a jere an auna su, na rage jimillar kaurinsu da kashi uku cikin goma na milimita, domin wannan na ƙanena ne kuma laba 40 yake iya ja.